Na ba mai bincike aikin nemo asalin kakanmu a tsofaffin takardun alƙali: ga yadda ta kaya

Tun ina yaro na tashi da sanin mu Barebari ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta mini, magana ce da take yawo a tsakar gida kowa yana ɗauka. In Bafulatani ya shigo shagon mahaifina a Kantin Kwari, kafin a taɓa yadi sai an sha wasan Barebari da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Kakan mahaifina ma ba a kama sunansa a gidanmu, Kaka Babarbare ake ce masa. Yadda Gwaggo take ba mu labarin, malami ne, ya baro Kukawa ta ƙasar Barno ne lokacin da Rabe ya ci garin, ya shigo Kano daga shi sai sanda da gafaka, ya sauka a Zangon Barebari, ya yi aure, ya sayi gidan da aka haife mu a ciki.

Mahaifinmu ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Da muka zo kan maganar gidan cikin birni aka ce a nemo duk wata takarda da ta shafe shi, sai Gwaggo ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai rasidan haraji na kakana na shekarun 1940 da 1950, wasu gara ta cinye gefensu, da Alƙur'ani rubutun hannu a gafakar da jar fatarta ta koma baƙa. Can bayan warƙar ƙarshe muka tarar da wata takarda an ninke ta sau huɗu, da Larabci, da hatimi a samanta. Na kai wa limamin unguwarmu. Ya karanto bisimilla da sunan mamacin, ya ce takardar gado ce daga wurin alƙali, amma hannun ya yi masa tsauri kuma tawadar ta dushe. Shi ne ya haɗa ni da mutumin da nake son in yi magana a kan aikinsa.

Ba zan kama sunansa ba, domin zan faɗi inda ya yi mini daidai da inda ya gaza, kuma bai roƙe ni talla ba. Matashi ne, bai kai arba'in ba. Ya yi karatun tarihi a jami'a a nan Kano, amma kafin boko ya yi allo ya sauke, ya kuma zauna a zaure ya karanci littattafan fiƙihu, kuma wannan karatun na biyu shi ne jarinsa na gaske. Ba shi da ofis, wani ɗan shago ne da ake buga takardu da kwafi, shi yana da tebur ɗaya a lungu. Sana'arsa ita ce nemo wa mutane tarihin gida, ko fili, ko sarauta, daga tsofaffin takardu. Duka-duka na kashe naira dubu 240, aikin ya ɗauki wata biyar. In an tambaye ni ko ya ci kuɗinsa, zan ce ya ci, amma akwai wuraren da da na san su tun farko da ban sha ɓacin ran da na sha ba.

Zaman farko naira dubu 20 ne, kafin alƙalami ke nan. Na ɗauka zai karɓi takardar ya tafi da ita, sai ya ce a'a, takarda ba ta barin gidanta, shi zai zo. Ya zo ranar Asabar da hantsi. Ya nemi ruwa ya wanke hannu ya bari ya bushe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, sannan ya fara buɗe ninkin da kaɗan-kaɗan, bai danne ta don ta miƙe ba. Da ya zo kan hatimin sai ya ce a rufe ƙofar ɗakin, ya kunna fitilar waya ya haska ta gefe, ba ta sama ba, sai ga baƙaƙen da ba ma gani sun taso. Ya fi minti ashirin bai ce uffan ba, leɓensa kawai ke motsi. Sannan ya ɗago ya ce, “Alhaji, ka ce malami ne?” Na ce haka aka ce mana. Ya ce, “To bari in karanto maka abin da ya bari.”

Gida ɗaya. Ramin rini biyu a karofi. Jaki ɗaya. Riguna uku, da rawani, da buhun baba da ba a taɓa ba. Bashin da yake bin wasu mabuga biyu, da wanda ake bin sa, duka da fam da sule. An cire ushirar alƙali, an ba matarsa tumuninta, sauran aka raba wa ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu, namiji rabon mata biyu. Babu littafi ko ɗaya a lissafin. A layin ƙarshe kuma an rubuta cewa akwai gona a ƙasar Kura da take a jingine, ba a sa ta cikin rabon ba. Shekarar 1345 ce ta Hijira, wato daga tsakiyar 1926 zuwa tsakiyar 1927, farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero.

Na daɗe ina kallon takardar. Shekara hamsin da ɗoriya ina kwana a gida ɗaya da ita.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne abin da ya yi bayan wannan. Bai yanke hukunci ba. Ya ce kafin ya taka ko'ina yana son ya zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan. Gwaggo ta haura tamanin, yayar mahaifina ce, kuma ba ta cika sakin jiki da baƙo ba. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa. Bai ce mata an ga wani abu a takarda ba. Cewa ya yi, “Hajiya, na zo ɗaukar karatu ne.” Ta ba shi labarin Kukawa tun daga farko har ƙarshe yana rubutawa. Da ta gama sai ya fara tambaya a hankali: ta ga Kaka Babarbare da idonta? Ta ce ina, ya rasu tun mahaifinta yana yaro. To wa ya ba ta labarin? Ta ce kakarta, matarsa, wadda ta rayu har bayan samun 'yancin kai, a ɗakinta ta tashi. Yaya kamanninta? Nan Gwaggo ta gyara zama. Ta ce doguwa ce, da zanen Barebari a fuska tun daga goshi har haɓa, in ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa, kuma a wurinta ta koyi haɗa humra da turaren wuta, wanda har yau mata ke zuwa saye a gidanmu. Ya ce, “Shi fa, Hajiya, an ce yana da zane?” Ta yi shiru, ta ce ba ta taɓa jin an faɗa ba.

Da muka fito soro ya ce mini kada in ce mata komai tukuna, zato ne kawai yake yi, kuma zato ba hujja ba ne.

A nan ne ya yi mini bayanin da na ga ya kamata duk mai niyyar irin wannan aiki ya ji, don kada ya sa rai da abin da babu. Ya ce talaka ba ya shiga takardar zamanin Turawa sai ta ƙofa uku: haraji, shari'a, ko laifi. Turawa sun shigo Kano a Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari, suka naɗa Abbas, wanda ya yi sarauta har 1919. A zamaninsa aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka ce hakimai su bar birni su koma ƙasashensu, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa alƙalai albashi, aka kuma wajabta musu rubuta shari'o'insu a littafi. A zamanin ne kuma malaman taki suka riƙa bin gonakin karkarar Kano suna auna su da taku, don a san abin da kowa zai biya. Ba rijistar haihuwa, ba ta mutuwa. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna da sunan yana riƙe wa mutanenta, shi ya sa ba za ka samu takardar mallaka irin ta yau a hannun manomin ƙauye ba. Rigimar gona da gida yawanci gaban Sarki da majalisarsa ake kai ta, gado da bashi da aure kuma gaban alƙali. Ya ce shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 suna nan da Larabci, har wani Ba'amurke ya fassara wasunsu zuwa Turanci ya buga. Saboda haka wanda kakansa ya zauna lafiya, ba wanda ya kai shi ƙara, bai kai kowa ba, kuma 'ya'yansa suka raba gadonsa a soro ba tare da alƙali ba, zai yi wuya a same shi. Mu sa'armu ita ce an yi jayayya a kan gonar nan.

Muka yi ciniki a kan naira dubu 120 na bincike a cikin Kano, ya ce sati shida. Daga nan ne matsala ta fara.

Sati shida suka wuce, bakwai, tara. In na kira sai ya ce yana kai, wani lokacin wayar a kashe kwana uku. Daga baya na gane yana riƙe da aikin mutum huɗu a lokaci guda, ciki har da na wani gidan sarauta da suka fi ni matsa masa. Ban ƙi a haɗa aiki ba, kowa abincinsa yake nema, amma da ya gaya mini gaskiyar lokacin tun farko da na kwantar da hankalina. Abu na biyu, duk abin da ya samu sai ya turo mini da saƙon murya a WhatsApp, minti takwas, minti goma, da hotunan da rabinsu sun yi dishi-dishi. Ni ɗan kasuwa ne, ban yarda da cinikin da ba rasidi ba. Na ce masa, “Malam, in gobe ba ka nan, ni ma ba na nan, ɗana ya tashi neman takardar nan, ina zai dosa?” Sai da muka ɗan yi sa-in-sa kafin ya yarda ya rubuta komai a takarda: sunan wurin da aka samu abu, lambar fayil ko shafin littafi, kwafin Larabcin da hannunsa, fassarar Hausa a ƙasa. Da ya zauna ya yi, ya yi shi da kyau ƙwarai. Amma bai kamata sai mai aiki ya roƙa ba.

Na uku shi ne kuɗi. A tsakiyar aiki ya ce dole a je Kaduna, naira dubu 60 na mota da masauki da kwafi. Daga baya aka ƙara dubu 40 na tafiyar ƙauye. Ban ga alamar ya ci ko kwabo a kaina ba, ya kawo lissafin komai. Sai dai mutumin da ya shekara goma yana wannan sana'a ya san da wuya a yi binciken lardin Kano ba a taka Kaduna ba, ya kamata tun ranar ciniki ya faɗa.

A cikin Kano ya fara da Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take, gidan da Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ya ce ma'aikatan sun karɓe shi da kyau, sun kuma nuna masa inda zai dosa. Amma abin da muke nema a ɗakin ajiyar wata tsohuwar kotu ya same shi, bayan ya yi kwana goma sha ɗaya yana buɗe littattafan alƙali ɗaya bayan ɗaya, don ba su da fihirisa, sai dai ka bi wata-wata. Wahalar ita ce suna. Ba zan rubuta na kakanmu ba saboda dangi, amma irin sunan nan ne mai fuska da yawa, kamar yadda Abubakar ɗaya yake zama Garba ko Habu a nan, Buba a wurin Fulani, Bukar a Barno. Muhuti, wato marubucin alƙali, da Larabci yake rubuta cikakken sunan, malamin haraji ya rubuta wanda ake kiran mutum da shi a unguwa, Bature kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Sai ka haɗa sunan uba, da unguwa, da sana'a, da sunayen magada, kafin ka ce wannan shi ne wancan.

Ranar da ya samu, da kansa ya zo shago bayan la'asar, ya ƙi faɗa a waya. Na sallami mai sayen shadda, muka shiga ciki. Shari'ar ba ta fi layi goma sha huɗu ba. Wata mata ta zo daga wani ƙauye a ƙasar Kura ta tsaya gaban alƙali, ta ce mamacin wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, gonar da ake son sawa cikin gadonsa ba tasa ba ce shi kaɗai, gandun ubansu ne da ba a raba ba, shi ya jinginar da ita a shekarar yunwa ya ciyar da gida, sannan ya taho birni. Alƙali ya nemi shaidu. Ɗaya daga cikinsu wan matar mamacin ne, mutumin Zangon Barebari, kuma an rubuta sunansa da laƙabin Albarnawi, wato mutumin Barno. Ya shaida cewa mamacin ya zo gidan ubansu a shekarar yunwa, baƙo daga ƙasar Kura, yana yi wa fataken da ke sauka a gidan rinin tufafi, har uban ya yaba da halinsa ya ba shi 'yarsa. Alƙali ya cire gonar daga rabo, ya ce maganarta a kai gaba.

Ke nan Barno gaskiya ce, Kukawa gaskiya ce, Rabe ma da ya ci garin a 1893 gaskiya ne. Sai dai labarin na fatoman ne, wato mai masaukin fataken, surukin kakanmu, da 'yarsa mai zane a fuska. Shi kakanmu Bakano ne, marini, ɗan manomi, ya shigo birni da baƙin hannu, ya zauna a gidan Barebari har unguwa ta laƙaba masa sunansu.

A nan ma ya nuna mini irin taka-tsantsan ɗin da ya sa na yafe masa jinkirinsa. Na ce masa ai shekarar yunwar nan Kakalaba ce. Ya ce shi ma haka yake gani: daminar 1913 ta gaza, 1914 aka shiga yunwar da tsofaffi ba su manta ba, shekara biyu kacal bayan jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano, kuma shekarun kakana, wanda aka haifa wajen ƙarshen sarautar Abbas, sun dace da haka. Yunwar 1927 kuwa ta zo a makare, ba za ta zama ita ba. “Amma Alhaji,” in ji shi, “takarda shekarar yunwa kawai ta ce. Kakalaba ni na faɗa, ba alƙali ba.” Haka ya rubuta a rahoton, abin da takarda ta ce daban, abin da shi ya fahimta daban.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Cikin littattafan da ya buɗe ya ci karo da shari'ar fansa: wani mutum mai suna irin na kakanmu ya biya ubangijinsa kuɗi a gaban alƙali aka ba shi takardar 'yanci. Irin waɗannan suna da yawa a littattafan lokacin, domin dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma waɗanda suke cikin bauta kafin nan sai dai su yi murgu su tara kuɗi su fanshi kansu, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Bai ɓoye mini ba, bai kuma manna mana ita ba. Ya ajiye takardun biyu gefe da gefe ya nuna mini: sunan uba ya saɓa, wancan daga wajen Fanisau yake, kuma babu rini a maganarsa. Ya ce a ganinsa mutum biyu ne, amma ya sa ta a ƙarshen rahoton don wanda zai zo bayansa ya duba da kansa. Na tambaye shi, da ta zama tamu fa? Ya ce da ya gaya mini ni kaɗai, a ɗaki, ni in san yadda zan yi da ita. Ya ce ya taɓa yi, kuma akwai wanda ya karɓa da hamdala, akwai wanda bai sake ɗaga wayarsa ba. Na jima ina tunanin mutumin nan na Fanisau, da shekarun da ya yi yana tara kuɗin kansa. Wataƙila jikokinsa suna nan cikin garin nan, muna haɗuwa a sahu.

Tafiyar Kaduna ba ta kawo sunan kakanmu ba, kuma ya gargaɗe ni tun kafin ya tafi. A Gidan Adana Tarihi na Ƙasa ya duba fayilolin lardin Kano, waɗanda ake yi wa alama da KANOPROF, ya kuma leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna. Abin da ya dawo da shi kwafin rahoton kimanta haraji ne na gundumar, irin wanda Di'o yake rubutawa bayan ya yi rangadi: sunayen ƙauyuka, yawan mutane, abin da suke nomawa, sana'o'insu. Sunan ƙauyenmu yana ciki, da masu rini a lissafinsa. Wanda ya san Kura ya san ba abin mamaki ba ne, ƙasar da rawunanta masu ƙyalli, 'yan Kura, suke kaiwa har wurin Buzaye a hamada. Ni da na tashi a cikin yadi, mahaifina a cikin yadi, ban taɓa sanin daga bakin karofi muka faro ba. Ko dubu 60 ɗin ta biya? Ga wanda hujjar kotu kawai yake so, a'a. Ga ni, ta biya.

Kuskure ɗaya ya yi na karatu, kuma ya ci mana yini guda da man mota. Larabcin alƙalai ba wasali, sunan ƙauyen baƙaƙe huɗu ne da za a iya karanta su hanya biyu, kuma duka garuruwan biyu suna nan. Ya zaɓi wanda ya fi sani bai gaya mini akwai na biyu ba. Muka je, dagaci ya tara mana tsofaffi, ba wanda ya san an taɓa rini a garin. A hanyar dawowa ya yi shiru har Kwanar Dawaki, sannan ya ce laifinsa ne, ya kamata ya gwada da jerin ƙauyukan da ya kwafo a Kaduna tun kafin mu taso. Tafiya ta biyu bai karɓi ladan ranarsa ba.

Garin na biyu ƙarami ne, ka bar kwalta ka yi tafiyar kusan rabin awa a burji. Mun sauka a ƙofar dagaci da goro, muka faɗi abin da ya kawo mu. Wani dattijo ya ce mu biyo shi. Bayan masallaci akwai wani fili da ƙasarsa ta yi fari-fari da toka da katsi, in ka lura za ka ga da'irori a ƙasa, bakin ramukan da aka cike. Ya ce nan ce marinar, tun yana saurayi aka daina. Na tsuguna na ɗebi ƙasar a hannuna. Daga nan aka kai mu wani gida, aka yi mana iso wurin wata tsohuwa da ba ta gani sosai. Da aka ambaci sunan matar da ta je gaban alƙali sai ta ce kakarta ce. Ta ce tana jin ana cewa tana da wa a birni wanda yunwa ta kora, kuma akwai gonar da har yau ake ce wa gonar ɗan birni, mai tsamiya biyu a gabas da gari. Ta kama hannuna ta shafa, ta ce, “Ɗan nan, sai yanzu?” Ban iya ba ta amsa ba.

Shi kuwa malamin yana gefe yana rubutu. A rahoton ya sa maganarta a babin abin da aka ji daga baki, ya kuma rubuta cewa mu muka fara ambaton sunan kafin ta amsa, don mai karatu ya san nauyin shaidar. A lokacin abin ya ɗan sosa mini rai, don ni zuciyata ta riga ta gama yarda. Yanzu na ga amfaninsa.

Wanda zai ba da irin wannan aiki, shawarata ita ce ya fara da adakar gidansu da tsofaffin gidansu kafin ya biya kowa, musamman mata, don su ne suke riƙe da wa ya auri wa. Ya tabbata wanda zai ɗauka yana karanta Larabcin alƙalai da ajami da kansa, ba sai ya kai wa wani ba, don digiri kaɗai ba ya buɗe waɗannan littattafai. A rubuta yarjejeniya, da Kaduna a ciki, da ranar da za a kawo rahoto a rubuce, kuma kada a biya kuɗin duka sai an gani. Duk wanda ya yi maka alƙawarin zai kai ka har Yamal ko Misira kafin ya buɗe fayil ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Wannan da na ɗauka zan sake ba shi aiki, har ma mun fara maganar bin sawun fatoman, surukin kakanmu, amma wannan karon da takarda a tsakaninmu.

Gwaggo ce na fi jin tsoron gaya wa. Na bari sai wata Juma'a da daddare, bayan ta idar da lazimi, na zauna a bakin gadonta na karanta mata fassarar shari'ar a hankali, layi-layi. Da na zo kan shaidar Albarnawi ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Kaka ‘garinmu’ take cewa. ‘Da muka baro garinmu.’ Ni na ɗauka har da shi.” Ta tambaye ni ko tsohuwar nan ta ƙauye tana da 'ya'ya, na ce tana da su, da jikoki cike da gida. Ta ce in kaka ta yi, hanya ta bushe, in sa a kai ta. Ta ce in ware mata turmi biyu na atamfa mai kyau a shago, kada in ɗauko ta ƙasan kanta, da ƙwaryar goro, ita kuma za ta haɗa humra da hannunta.